Babban yatsan ƙafata yana karkacewa: zama ba takalmi da motsa yatsu za su miƙar da shi?

Malama_Mabera

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar masana nake nema. Shekaruna 39, ina koyarwa a firamare, kuma tsayuwar da nake yi a yini ba ta gaza awa biyar. Babban yatsan ƙafata ta dama ya soma kwantawa kan na kusa da shi, sannan a gefen ƙafar, daidai gindin yatsan, wani ƙashi ya turo kamar ɓarin goro. In na sa sau-ciki, kafin azahar wurin ya yi ja yana zogi. Ta hagu ma ta fara, amma ba ta kai ta dama ba. Mahaifiyata tana da irinsa, nata har yatsan ya hau kan ɗan'uwansa.

Ana ta yaɗawa a Facebook cewa abu uku ne maganinsa: a daina sa takalmi, in za a sa a sa mai faɗin baki, sannan a riƙa motsa yatsu kullum. Har hotuna ake nunawa na ƙafar da ta miƙe ba tiyata. Gaskiya ne ƙashin yana komawa? In motsin na da amfani, yaya ake yinsa, sau nawa? A ina zan samu irin wannan takalmi a Sakkwato? Kuma da wannan ranar tamu, tafiya ba takalmi ba neman wata cutar ba ce?

Fisiyo_Arkilla

Wa alaikumus salam Malama, sannu. Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba: ga wanda ya gama girma, ƙashin da ya karkace ba ya komawa mazauninsa da motsa jiki. Abin da ake samu shi ne zogi ya ragu ko ya tafi, gaɓar ta yi laushi, yatsan ya dawo da ƙarfin dafa ƙasa, karkacewar kuma ta rage gudu. Ga mai tsayuwar awa biyar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hotunan da kika gani galibi an ɗauki na farko ƙafa a sake, na biyu kuma mutum ya baza yatsunsa da ƙarfi.

Ƙullutun ba ƙari ba ne, ba kuma sabon ƙashi ne ya tsiro ba. Bayan kowane yatsa akwai dogon ƙashi da ya taho daga tsakiyar ƙafa. Na babban yatsa ne ya zame ya nufi ɗaya ƙafar, shi kuma yatsan ya kwanta ya nufi 'yan'uwansa, sai kan ƙashin ya turo fata. Likitoci suna ce masa haluks balgus. Abin da ke sa shi ƙaruwa da kansa shi ne jijiyoyi biyu dogaye da ke ɗaga yatsan da lanƙwasa shi, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. In yatsa na tsaye, jansu na tsaye. Da ya ɗan karkace, sai su zama kamar tsirkiyar baka, duk takun da kika yi suna ƙara tanƙwara shi. Akwai kuma wata tsoka a gefen tafin ƙafa ta ciki, daga dunduniya zuwa gindin babban yatsa, wadda aikinta shi ne janye yatsan daga 'yan'uwansa. In karkacewa ta yi nisa, sai ta zame ta koma ƙarƙashin ƙafa ta daina wannan aiki. Ita muke son tayarwa tun ba ta zame ba.

Ki fara da gwaji. Ki zauna, ki ɗora ƙafar kan gwiwa, ki kama yatsan ki jawo shi a hankali ya daidaita da gefen ƙafa. In ya zo ba gardama, gaɓar na da laushi, motsi zai yi miki amfani sosai. In ya ƙi, ko kika ji ƙashi na gogar ƙashi, kada ki tilasta masa, ki fara zuwa a ɗauki hoton ƙashi.

Motsin farko da hannu ne. Hannu ɗaya ya riƙe ƙafar a bayan ƙullutun, ɗayan ya ɗan ja yatsan gaba kamar mai zare zobe, ya daidaita shi, sannan ya kai shi sama da ƙasa sau 15. Daga nan ki riƙe shi a miƙe daƙiƙa 30, sau uku. Sai ki murza naman da ke tsakanin babban yatsa da na biyu, ta sama da ta ƙasa, minti ɗaya, domin tsokar da ke jan yatsan wajen 'yan'uwansa tana nan kuma a ɗaure take.

Na biyu shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ya fi wuya. Ƙafa a shimfiɗe a ƙasa, kina zaune kan kujera. Ki ɗaga yatsu biyar sama, dunduniya da tudun gaban ƙafa suna manne da ƙasa. Ki sauke ƙaramin yatsa ƙasa kina tura shi waje. Sannan ki sauke babban yatsa kina tura shi wajen ɗaya ƙafar, ukun tsakiya suna sama. Ki riƙe daƙiƙa 5, ki saki. Sau 10, ki huta, ki maimaita har zagaye uku, safe da yamma. Makon farko da na biyu yatsan zai yi kamar ba naki ba, ba zai motsa ba ko kaɗan. Ki kai shi wurin da hannu, ki saki, ki yi ƙoƙarin tsayar da shi a nan. Ki ɗora ɗan yatsan hannu a gefen tafin ƙafa ta ciki: in kin ji nama ya yi tauri, tsokar da ake nema ce ta amsa, ko da ido bai ga motsi ba.

Na uku, gajarta tafin ƙafa. Yatsu a miƙe a ƙasa, ki jawo tudun gindin babban yatsa wajen dunduniya ba tare da ya bar ƙasa ba, har tsakiyar ƙafa ya ɗan tashi. Kuskuren kowa a nan shi ne dunƙule yatsu. In farcenki ya yi fari saboda danna ƙasa, ba daidai kike yi ba. Daƙiƙa 5, sau 10. Bayan mako uku ki koma yinsa a tsaye, daga baya a ƙafa ɗaya.

Sai ɗaga dunduniya. Ki dafa bango, ki cusa auduga ko naɗaɗɗen tsumma tsakanin babban yatsa da na biyu don ya tsaya daidai, ki tashi kan gaban ƙafa a hankali, nauyi kan babban yatsa da na biyu, kada idon sawu ya gudu waje. Sau 10 zuwa 15, zagaye biyu. Ki rufe da miƙar da sha-raɓa: ƙafa ɗaya a baya, gwiwa a miƙe, dunduniya a ƙasa, daƙiƙa 30 sau uku. Sha-raɓa mai tauri tana jefa nauyi kan gaban ƙafa, kuma duk wadda ta daɗe da takalmi mai tudu tana da ita.

Za ki ga ana cewa a riƙa tattaro tawul ko tsintar tsakuwa da yatsu. Ban cika son wannan ga mai karkataccen yatsa ba, domin doguwar jijiyar lanƙwasawa yake ƙarfafawa, wato ita tsirkiyar da na faɗa.

Duka aikin bai wuce minti 15 ba. Tsoka ta ɗaure a tafin ƙafa a farkon kwanaki ba komai ba ne, ki tsaya ki murza. Amma zogin cikin gaɓa da ya kwana har gobe yana nufin an zarce, a rage rabi. Kada ki yanke hukunci kafin mako 8 zuwa 12.

Baduku_Madunka

Ɗiyata, Allah shi ba ki lafiya. Abin da likita ya faɗi gaskiya ne, amma in kin yi motsi minti 15 kika koma cikin takalmin da ya matse yatsu awa biyar, aikin baban giwa ne anka yi. Ni ta takalmi zan yi magana.

Kuskure na farko da mutane ka yi shi ne ƙarin lamba. Mai sa 39 sai ta sayi 41 wai don shi sake. Lamba ɗaya a awon Turai tsawo ne da bai cika milimita 7 ba, faɗin da ka ƙaruwa kuwa ɗan kaɗan ne. Bakin takalmin shina nan da tsininsa, sai dai ƙafa ta samu wurin zamewa gaba ta cusu cikin tsinin. Siffa ake dubawa, ba lamba ba.

Ga yadda za ki yi. Da marece, bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki taka kwali kina tsaye, nauyinki duka a kai, auduga tsakanin babban yatsa da na biyu. Wani ne zai zana miki, fensir a tsaye cak, ba ke za ki duƙa ba, don in kin duƙa awon ya ɓaci. A zana ƙafa biyu, ba a cika samun su daidai ba, kuma da babbar ake aiki. A ƙara santimita 1 zuwa 1 da rabi gaban yatsan da ya fi tsawo, wanda ga wasu na biyu ne ba babba ba. Sannan a zagaya wurin da ya fi faɗi da zare, ta kan ƙullutun, a ƙulla alama.

Ki yanke kwalin ki tafi da shi Babbar Kasuwa. Duk takalmin da kika so, ki zura kwalin ciki. In gefensa ya nannaɗe, aje shi, komai kyansa. In shimfiɗar ciki tana fita, zaro ta ki taka: abin da ya zarce ta na ƙafarki, shi takalmin ka matsewa. Ki kuma kifa takalmin ki dubi gefen ciki. Daga dunduniya zuwa bakin babban yatsa ya kamata layin shi tafi kusan miƙe. Mafi yawan na kanti tun daga gindin yatsa sunka fara lanƙwasa ciki, su ne masu kwantar da yatsa ko ba su yi zafi ba. Na mata sun fi wanga aibi, shi ya sa wata sa'a sandal na maza ya fi dacewa, ba abin kunya ba ne.

Tudun dunduniya kada shi wuce santimita 2. Duk abin da anka ƙara a baya, gaban ƙafa ka ɗaukar nauyinsa. Ƙwas-ƙwas na biki, in ba makawa, a jaka ake tafiya da shi, a sa awa ɗaya a cire.

In ɗinkawa za a yi, kuma shi na fi ba ki shawara tunda dukawa ba su yi mana ƙaranci a garin nan ba, to ga abin da za ki ce. Sama a yi shi da fatar akuya, wadda anka jeme ta yi laushi. Jar akuyar Sakkwato fatarta har Turai an san ta, kuma tana bin siffar ƙafa cikin mako biyu. Fatar roba ba ta buɗewa, ga ta da dafa ƙafa cikin zafi. Ƙasa a sa kirgi da roba marar kauri, yadda takalmin zai lanƙwasa daidai gindin yatsu, ba a tsakiya ba. Kada ɗinki ko bakin fata shi faɗo kan ƙullutun, nan ne kanta da gyambo ka farawa. In sandal ne, maɗauri ɗaya shi bi ta bayan ƙullutun, kan doron ƙafa, ɗaya shi riƙe dunduniya. Maɗaurin da ya ratsa kan yatsu tattara su shikai wuri ɗaya, ba shi da maraba da sau-ciki. In rufaffe ne makaranta ta ce dole, ki ce ma mai ɗinkin kada shi ɗora kan icen awonsa yadda shike. Shi liƙa guntun fata a jikin icen daidai wurin ƙullutun da gefen babban yatsa, har shi kai awon zarenki, sannan shi ja fata a kai. Wanda ya ce miki "zai buɗe in kin sa", ƙafarki yake so ta yi masa aikin.

Tsofaffin takalmanki na fata ta gaskiya ana iya jiƙa wurin a cusa ice shi kwana, amma milimita biyu ko uku ne za a samu, ba ya mai da mai tsini mai faɗi. Silifas kuwa bai matse ba, sai dai da yatsu ake riƙe shi kar shi fita, yini guda suna dunƙule. Na banɗaki ne da tsakar gida, ba na aji ba. Safa ma a duba, matsattsiya tana yin abin da takalmi ka yi.

Nas_RunjinSambo

Yaya, tambayarki ta ƙarshe ita ce tawa. Kafin ki cire takalmi, ki auna sukari. In an auna da safe kafin a ci komai aka samu 7.0 ko sama a ma'aunin mmol/L, ko 126 ko sama in na'urar da ma'aunin mg/dL take aiki, a koma asibiti a tabbatar. Mai ciwon sukari ba ya tafiya ba takalmi, ko a tsakar ɗaki, domin jijiyoyin jin zafi suna mutuwa a hankali, sai ƙusa ko ƙuna ta same shi bai sani ba, kuma gyambonsa ba ya saurin warkewa. Akwai gwajin gida: ki rufe ido, wani ya taɓa kan yatsa na ɗaya, na uku da na biyar a kowace ƙafa, taɓawa mai sauƙi ta daƙiƙa ɗaya ko biyu. In biyu cikin shidan ba ki ji ba, maganar zama ba takalmi ta ƙare. Wannan har Mama a yi mata.

In sukari lafiya, to wuri da lokaci ne abin lura. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40 a inuwa, siminti da kwalta da rairayin da rana ta buga kuwa sun fi iska zafi nesa ba kusa ba, suna tayar da bororo. Ki ɗora bayan hannu a ƙasa daƙiƙa 5, in ba ki jure ba kada ki taka. Da damina ƙasa mai laima kusa da inda ake bahaya tana ɗauke da 'ya'yan tsutsar da ke huda fata ta shiga hanji tana shan jini, ga mata masu ƙarancin jini wannan babbar asara ce. Ga tsidau da ƙarangiya, ga kunama da dare, ga kububuwa a gona. Da hunturu kuma faso, wanda ƙofa ce ga ƙwayar cuta, a jiƙa ƙafa da dare a shafa man kaɗe. Don haka filinki shi ne ɗaki, da sharariyar tsakar gida da sassafe ko bayan magariba in akwai haske.

Tayil da siminti ba su da sassauci. Mai karkataccen yatsa nauyinta yana komawa ƙarƙashin yatsa na biyu, shi ya sa ake ganin kanta a wurin. In nan ya fara zafi, ki koma kan tabarma, kafet ko rairayi mai sanyi. Kuma sauka daga takalmi mai tudu zuwa shimfiɗaɗɗe ba a yinsa rana ɗaya: awa ɗaya ko biyu a makon farko, a riƙa ƙara awa ɗaya duk mako. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013, masu gudu da suka koma takalmi marar kauri cikin mako 10, fiye da rabinsu hoto ya nuna alamar wahala a ƙasusuwan ƙafarsu. Zogin dunduniya a takun farko na safe, ko zafi a wuri ɗaya kan doron ƙafa mai ƙaruwa da tafiya, alamar an yi gaggawa ce.

Abu biyu kuma. In gaɓar ta kumbura dare ɗaya, ta yi ja da zafi har zane ba ya taɓuwa, wannan ba karkacewa ba ce, ya fi kama da gawut, gishirin yurik ne ya taru a gaɓar, kuma yawan jan nama da kayan ciki na tayar da shi. Jini ake aunawa. Sannan don Allah kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho, babu mugunya ko mataccen jini a ciki, ƙashi ne da gaɓa, kuma in ƙwayar cuta ta shiga gaɓa an sayi babbar wahala. Ranar da ya yi zogi, ƙanƙara a cikin tsumma minti 10 zuwa 15, da man diklofenak na shafawa. Ƙwayarsa kullum-kullum tana cin ciki da ƙoda.

Malama_Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, kwalin zan yanka yau in sha Allah. Sauran tambaya: akwai wata roba mai laushi da ake sa wa tsakanin yatsu, da wani abin ɗaure yatsa da ake kwana da shi, ana tallarsu a intanet. In saya? Yaushe ne tiyata take zama dole? Sannan a sujada da zaman tahiya yatsan na dama yana min zafi, ban sani ba ko ina ƙara ɓata shi ne.

Likitan_Ƙashi

Malama, abokan aiki sun yi bayani mai kyau. Zan ɗan rage wa takalmi laifi kaɗan, ko da Baba ba zai ji daɗi ba.

Shaidar da ake kafawa da ita tsohuwa ce kuma ingantacciya. A 1958 an gwada ƙafafun mutane a birnin Hong Kong: cikin masu sa takalmi kusan kashi 33 cikin 100 suna da wannan karkacewa, cikin marasa sawa kuwa ba su kai kashi 2 ba. Amma ki lura, kashi biyu cikin uku na masu takalmin ba su samu ba, kuma a cikin marasa takalmin ma an samu. Takalmi yana tayar da abin da jiki ya riga ya ɗauko: gado, sakin jijiyoyin gaɓa, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, wani lokaci amosanin gaɓɓai. Ga naki a bayyane, tunda Mama na da shi. Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya samu kusan kashi 23 cikin 100 na masu shekara 18 zuwa 65 suna da shi, sama da 65 kuwa kusan kashi 35, kuma mata sun ninka maza.

Shawarar "a cire takalmi" daga ƙasashen sanyi ta fito, inda mutum ke yini cikin rufaffen takalmi da safa wata da watanni. Mu nan ɗaki ba takalmi, masallaci ba takalmi, gidan mutane a ƙofa ake tuɓewa. Abin da za ki ƙara ta wannan ɓangare kaɗan ne. Awa biyar ɗin aji su ne wurin gyara. Ƙarfin ƙafa dai yana ƙaruwa, wannan gaskiya ne: a Ingila an wallafa bincike a 2021 inda waɗanda suka yi wata shida da takalmi shimfiɗaɗɗe mai faɗi ƙarfin yatsunsu ya ƙaru da fiye da rabi. Ƙarfi suka auna, ba miƙewar ƙashi ba.

Robar tsakanin yatsu tana da amfani muddin tana ciki: tana rage gogayya, tana daidaita jan jijiya lokacin tafiya. Sharaɗinta takalmi mai faɗi. In kika cusa ta cikin matsattse, babban yatsa ba shi da wurin zuwa, sai ta ture na biyu da na uku. Ki fara da minti 30, ki duba fata, ki wanke ta kullum ki busar da tsakanin yatsu, domin gumi a wurin yana kawo ƙaiƙayi da tsagewa. Abin ɗaurin dare yana iya rage tauri da safe, amma da an kwance yatsa yake komawa. In kuɗin abu ɗaya gare ki, ki ba baduku.

Hoton ƙashi a tsaye ake ɗaukarsa, na kwance yana ɓoye girman matsalar. Ana auna kusurwar yatsan: ƙasa da digiri 15 lafiya ne, zuwa 20 ƙarami, 20 zuwa 40 matsakaici, sama da 40 babba. Motsi da takalmi sun fi aiki a ƙarami da farkon matsakaici.

Tiyata don zogi ake yi, ba don kyan ƙafa ba. Dalilanta: an yi wata shida ana duk abin da aka faɗa a sama zogi bai bar mutum ya yi aikinsa ba, ko yatsan ya hau na biyu har na biyun ya tanƙware, ko fata na fashewa a kan ƙullutun. Ba aske ƙullutun kawai ake yi ba, in an yi haka dawowa yake. Ana yanka dogon ƙashin, a mayar da shi kan layi, a ɗaure da ƙananan kusoshi, wani lokaci a haɗe gaɓar da ke tushensa. Kusan mako 6 cikin takalmin asibiti, kumburi kuma yakan kai wata uku zuwa shida, har fiye. Gaɓar na iya yin tauri, karkacewar na iya dawowa, musamman in an koma tsohon takalmi ko an yi wa yaron da bai gama girma ba. Mai shan taba da mai sukarin da bai daidaita ba ƙashinsu ba ya saurin haɗewa. Ana ganin likitocin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙashi na Wamakko, akwai kuma na Dala a Kano. Maɗori ba shi da aiki a nan, ba karaya ba ce ba kuma targaɗe ba.

Mama ta fi ki buƙatar a gan ta. Babban yatsan da ba ya dafa ƙasa yana rage wa tsoho daidaito, kuma faɗuwa a wannan shekaru ita ce abin tsoro.

Fisiyo_Arkilla

Na yarda da Likita. Saura maganar salla. Lanƙwasa yatsu sama a sujada ba ya ɓata gaɓar, motsi ne da take buƙata, tafiya ma tana neman yatsan ya tashi kusan digiri 60. Matsalar ita ce yadda yake sauka. Karkataccen yatsa yakan kwanta kan gefensa maimakon cikinsa, sai nauyi ya ƙara tura shi wajen 'yan'uwansa. Ki riƙa kafa cikin yatsan a ƙasa, dunduniya na kallon sama ba ta faɗa gefe ba, ki raba nauyin da yatsa na biyu da na uku. Darduma mai kauri, ko biyu a haɗe in kan tayil ne. Ki yi motsin hannu na farko minti ɗaya kafin ki tayar, musamman da asuba da gaɓa ke da tauri. In duk da haka zaman tahiya na zafi, ki tambayi malaminku yadda mai lalura ke sassauta zama.

Alwala kuma dama ce sau biyar a yini. Wajen tsettsefe yatsun ƙafa, ki ɗan buɗa tsakanin babba da na biyu, bayan kin idar ki yi baza yatsu sau 10 kafin ki sa takalmi. Kwalin da Baba ya ce, ki zana na biyu ba tare da auduga ba, ki rubuta kwanan wata a kai ki ajiye. Bayan wata uku a sake zanawa da la'asar, kina tsaye, mutumin da ya zana na farko shi zai zana, sai ki ɗora ɗaya kan ɗaya ki duba bakin babban yatsa da faɗin wurin ƙullutun.